Mashigin da Ba a Ɗora wa Wake Ba

Ranar da mutanen ofishin lardi suka zo ƙauyenmu Puerto Garza da taswirarsu, ni na fara yi musu dariya. Su huɗu ne, kowa da takalmin roba sabo fil wanda bai taɓa ganin taɓo ba, shugabarsu kuwa wata siririyar yarinya ce mai tabarau, Injiniya Maribel. Suka haɗa teburan makaranta suka shimfiɗa takarda mai faɗin tabarma. Ga koginmu tun daga gonakin tudu har bakin teku, ga dajin mangale, itatuwan nan masu saiwoyi a waje da ke tsirowa a ruwan gishiri, ga kowane mashigin ruwa da ke ratsa shi an zana an ba shi lamba.

Ta yi mana bayanin abin da hancinmu ya riga ya sani. Ruwan da ke fitowa daga tafkunan kiwon jatan lande, da kwatamin garin da ke samanmu, duk a bakin ƙauyenmu yake zuba. Shi ya sa yaranmu ke fama da ƙuraje, shi ya sa konca, halittar nan mai ɓawo biyu kamar ƙumba da muke haƙa mu ci mu sayar, ke buɗe baki ta mutu a cikin taɓo kafin hannu ya kai gare ta. Ta ce wannan karon yankin duka ake tsarawa, ba ƙauye ɗaya ba. Za a haƙa tafkunan tace ruwa can sama, abin da ya rage a fitar da shi ta mashigi guda, a sare saiwoyin wurin, a kawo injin yashe ya zurfafa shi. Sauran mashigan kuma a shafa musu kore a taswira, doka ta tsare su, ba mai sake taɓa su.

"Abin da nake so," in ji ta, ta ajiye kwanon wake a tsakiyar takardar, "kowacce ta ɗora ƙwaya ɗaya a inda take haƙar konca. Inda aka ga wake, injin ba zai shiga ba."

Mata arba'in da 'yan kai, ba wadda ta motsa. Sai Dominga, wadda muka fara shiga taɓo tare tun muna 'yan mata kuma ba mu taɓa shiri ba, ta ce, "Tarcila, ke ce babba, fara mana. Mu ga inda kike ɓacewa duk sati ke kaɗai kamar mai saurayi."

"In na nuna miki ma, me za ki yi da shi? Ke da gwiwarki ba ta lanƙwasuwa sai a gaban tukunya."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ɗauki wake ta ɗora a kan rufin coci, wata ta ɗora a tsakiyar teku, ta ce can take nutsewa ta kwaso. Injiniya ta tsaya tana kallonmu, kunnuwanta sun yi ja. Ba wanda ya gaya mata cewa mai haƙar konca ba ta faɗin wurinta. Ko mijinta ba ta gaya wa, balle maƙwabciya. In aka tambaye ki ina kika yini, sai ki nuna gabas alhali daga yamma kike, kuma ba mai kiran wannan ƙarya. Uwa ce kawai ke nuna wa 'ya'yanta mata.

Amma yarinyar ba sakarya ba ce. Washegari ta zauna a ƙaramin ɗakin bayan makaranta ta ja labule, kowacce ta shiga ita kaɗai kamar mai zuwa faɗa wa Fada zunubanta. Ki ɗora wakenki, ta rubuta a littafinta, ta share taswira kafin ta gaba ta shigo. A haka mata suka faɗi gaskiya. Ni ma na ɗora ƙwaya huɗu, duk na gaskiya. Ta biyar na riƙe ta a kan wani siririn mashigi mai lamba goma sha huɗu.

"Akwai wani, Doña Tarcila?"

"Babu," na ce. Na jefa waken a aljihun rigata na fita.

Goma sha huɗu a takardarsu ne. A gidanmu Rumbun Inna muke ce masa, don mahaifiyarmu ce ta nuna mana shi, ni da ƙanwata Eufemia, shekarar da idonta ya fara rauni. Bakinsa ƙarami ne, saiwoyi sun rufe shi, sai kin kwanta a cikin kwalekwale ki ja kanki da hannu. In kin shiga kuwa ya buɗe, taɓonsa baƙi mai laushi, konca sai ka ce an shuka ta.

Shekara goma sha tara ke nan da ranar da abin ya faru. Ruwan teku ya janye da hantsi kamar yadda ya saba janyewa ya dawo, muka shiga mu biyu, muka tura kwalekwalenmu ƙarƙashin saiwoyi muka ɓoye shi. Kowacce ta kunna ɓawon kwakwa a 'yar tukunyarta don hayaƙi ya kori ƙudajen nan masu cizo. Eufemia ta yi ciki ta hagu, ni na tsaya kusa da baki. A cikin mangale taku goma ya isa ki daina ganin 'yar'uwarki, ruwa kuma in zai dawo ba ya sallama. Shi ya sa muke da kira. Ki ce "Uuuy!" a amsa miki "Uuuy!" Ko gaba kuke yi da mai kiran, ko ba kwa ga-maciji, dole ki amsa. Wannan ma Inna ce ta koya mana, a rana ɗaya da ta nuna mana wurin.

Rana ta ɗan karkata sai na ji ƙarar filafilai da muryar Dominga. Kwalekwalensu ne, su biyar, suna wucewa. Daidai bakin mashiginmu suka tsaya, wai wutar ɗaya daga cikinsu ta mutu za su hura mata. Na tsuguna a bayan saiwa, ko numfashin kirki ba na yi.

A lokacin ne Eufemia ta kira. Sau ɗaya. Ba dogon kiran nan na "ruwa ya juyo" ba ne, gajere ne, kamar an datse shi.

Na buɗe baki, sai na rufe. Murya ɗaya a daji, mai wucewa zai ce tsuntsu ne. Murya biyu kuwa mutane ne ke aiki, gobe mata arba'in ne za su cika Rumbun Inna. Na ji Dominga ta ce, "Kun ji?" Wata ta ce, "Tsuntsu ne, mu tafi." Ba su tafi nan take ba. Suka yi ta hura wuta, suna zancen wani biki. Ban san tsawon lokacin ba, na sha aunawa a raina, wataƙila gwargwadon tafasar ruwan kofi ne. Da ƙarar filafilansu ta ɓace na miƙe na kira.

Na kira har muryata ta dishe. Na bi sawunta har ruwa ya cinye sawun, ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Abin da na samu kawai 'yar tukunyarta ce, a rataye a reshe, tana ta hayaƙi. Ko rami mai laushi ta faɗa, ko ƙafarta ce ta maƙale a tsakanin saiwoyi, Allah kaɗai ya sani.

Da la'asar na iso mashayar da muke ɗaure kwalekwale ni kaɗai. Mutane suka taru, aka ce, "A ina? A ina kuka rabu?" Dominga tana tsaye a gabana, hannunta a kafaɗata. In na faɗi wurin, za ta tuna kiran nan guda da ba a amsa ba, za ta san wadda ba ta amsa ba. Bakina kuma ya saba nuna gabas in daga yamma nake. Na ce, "Mashigin Balbela."

Maza suka kwana uku suna bincike a Mashigin Balbela, tafiyar awa guda daga inda take. Ni kuma kullum ruwa ya janye sai in sulale in koma Rumbun Inna in yi ta tona taɓo da hannu. Ba su same ta ba, ban same ta ba. Aka kafa farin gicciye a Mashigin Balbela, Fada ya yayyafa ruwa, mata suka daina haƙa a wurin, don ba ma cin abinci daga inda taɓo ya riƙe mutum. Na ɗauki 'yarta Zoila, tana shekara shida, na raine ta a ɗakina. Mama take ce mini. Duk ranar tunawa da matattu ni nake tuƙa ta zuwa gicciyen, ta ajiye furanni, ta kunna kyandir, ta gaya wa uwarta labarin shekara. Ni kuwa in zauna a kwalekwale ina kallon ruwan da babu kowa a ƙarƙashinsa.

Tun ranar ban sake ɗaukar konca ko ɗaya daga Rumbun Inna ba. Amma duk sati ina zuwa. In zauna a kan saiwa ƙarƙashin tukunyarta, wadda reshen ya yi kauri har ya haɗiye wayar da aka rataye ta da ita. Akwai wani ɗan lokaci, bayan ruwa ya gama janyewa kafin ya juyo, da komai ke tsayawa cik, har ƙaguwa su daina ƙarar nan tasu. A nan nake jin ta. Gajeren kira, ta hagu, can ciki. Kada wani ya ce mini tsuntsu ne, na san muryar tsuntsayen dajin nan fiye da muryar jikokin maƙwabta. Kafin ta rufe baki nake amsawa. Daga nan sai ruwa ya fara shigowa, in koma gida in dafa abinci.

Bayan zancen wake, mutanen Injiniya suka yi wata uku suna yawo a ruwanmu. Su ɗebi ruwa a kwalabe, su tsoma sanda su auna zurfi. Abin da ya fi ba yara dariya shi ne kwakwa. Sun sayi busassun kwakwa buhu-buhu, sun shafa musu fenti sun rubuta lamba, suna zubawa a kan kowane mashigi don su ga kwana nawa ruwan wurin ke yi kafin ya fita teku. Wani sati na shiga Rumbun Inna na tarar da jar kwakwa tana yawo a ƙarƙashin tukunyar Eufemia, an rubuta goma sha huɗu a jikinta. Ruwa ya ja ta zuwa baki, ya dawo da ita. Na koma bayan kwana uku, tana nan tana zagaye.

Sai ga taswira ta dawo, aka manna ta a bangon makaranta, aka ce ranar Asabar za a taru a ɗaga hannu. Kore ko'ina, gwanin kyau. Mashigin Balbela kore ne, da ɗan gicciye a kansa. Layi ɗaya ne ja a duk takardar.

Na sami Injiniya a mashaya tana wanke takalminta, wanda zuwa yanzu ya san taɓo.

"'Yata, goma sha huɗun nan, ku canza shi."

"Don me, Doña Tarcila? Ba wadda ta ɗora wake a kansa. Na duba littafina sau uku."

"Akwai konca a ciki. Kamar tafin hannunki."

"Na gani da idona," ta ce, ta cire tabarau tana gogewa. "Ban taɓa ganin irinsu ba. Kuma ruwansa ba ya fita. Kwakwarmu ta yi kwana biyar a ciki. Ko an yashe shi, abin da aka zuba zai daɗe yana kwance, cikin shekara biyu itatuwan za su fara bushewa. In ta ni ce, wallahi ba shi zan zaɓa ba."

"To wa ya hana ki?"

"Mashigi biyu ne kawai hanyar ruwan za ta iya kaiwa. Shi da na Balbela. Na Balbela da janyewar ruwa ɗaya kwakwa ta kai teku, rabin itatuwansa ma tun da can an sare su, konca kaɗan ce. Shi ne daidai. Amma akwai kabari." Ta dube ni a hankali. "Ƙanwarki ce, ko? Zoila ce ta zo ta same ni, ta kawo takarda da sa hannun mata talatin da takwas. Ta yi kuka a gabana. Dokar tsarin ma ta ce ba a taɓa makwancin mutum. Ba zan zuba ƙazanta a kan mahaifiyarta ba."

Ta ce in ina da hujja, ranar Asabar a gaban kowa ake kawo ta, zancen bayan labule ya ƙare.

A gida Zoila ta dafa kifi da madarar kwakwa, ta soya agade, tana ta waƙa. Ita ce sakatariyar ƙungiyar mata yanzu, shekararta ashirin da biyar, da goshin uwarta da tafiyar uwarta.

"Mama, kin ga taswirar? Kin ga gicciyen? Ni na sa aka zana shi." Ta zuba mini ta ƙara romo. "Ban taɓa yi wa mahaifiyata komai ba tun da aka haife ni. Ko ruwa ban taɓa ɗebo mata ba. Yau dai na yi mata abu ɗaya."

"Kin kyauta."

"Ci mana. Ko gishirin ne? Ke dai ba a burge ki."

Na ajiye lomar da na ɗauka. Ina son yarinyar nan fiye da raina, ban haifi kowa ba sai ita da ban haifa ba. In na yi shiru, injin zai shiga Rumbun Inna ya kwashe taɓon da ƙasusuwan Eufemia ke ciki ya watsar a gefe, a sako mata ruwan kwatami har abada, Zoila kuma ta ci gaba da ce mini Mama. In na yi magana, na san abin da zan rasa. Tsoro nake ji, ba wani abu ba, tsoro irin na ranar da na tsuguna a bayan saiwa.

Ranar Juma'a na tafi wurin. An riga an ɗaɗɗaura jajayen tsummoki a itatuwan da za a sare, ɗaya ma a reshen tukunyar. Na zauna na jira. Ruwa ya tsaya, ƙaguwa suka yi tsit, ta kira, na amsa. Na miƙe zan kama igiyar kwalekwale sai ta sake kira. Shekara goma sha tara ba ta taɓa kira sau biyu ba. Na amsa. Ta sake. Na yi ta amsawa har ruwa ya rufe mini idon sawu, amsata ba ta ishe ta ba.

Asabar makaranta ta cika har tagogi. An zo daga ƙauyuka shida, ga masu tafkunan jatan lande a gaba da hulunansu, ga Fada a gefe. Injiniya ta yi bayani, Zoila na zaune kusa da ita tana rubutu. Aka ce mai magana ya yi kafin a ɗaga hannu. Wani ya yi ƙorafin hanya, wani ya tambayi ranar fara aiki. Aka ce saura wa?

Na tashi. Waken nan yana aljihuna tun wata uku, duk rigar da na sa sai na mayar da shi cikinta. Na je bango na danna shi da yatsa a kan jan layin.

"Kin makara, Tarcila," in ji Dominga daga baya. "An gama rabon wake, sai dai ki kai shi gida ki dafa."

Aka yi dariya, ban juya ba. Na ce, "Eufemia ba ta Mashigin Balbela. Ba ta taɓa zuwa can ba ranar. A nan take."

Dariyar ta mutu. Na faɗa musu duka, da fuskata a bango, don in na juya ba zan iya ba. Na faɗi kwalekwalen da ya tsaya a baki, da kira ɗaya, da bakina da na rufe gwargwadon tafasar ruwan kofi saboda konca. Na faɗi abin da na ce a mashaya da dalilin da ya sa na ce shi. Na ce tukunyarta tana nan a reshe, da harafin sunanta da ta karce a gindi, duk mai shakka ya je ya duba.

Da na juya, Dominga ce na fara gani. Ta dafe bakinta, hawaye na bin yatsunta. "Na san ba tsuntsu ba ne," ta ce. "Tun ranar na sani. Na yarda mu tafi ne don kada a ce ina leƙen wurin wasu." Ba wanda ya kula ta.

Zoila ba ta yi kuka ba. Ta rufe littafinta, ta ɗora biro a kai, ta gyara shi ya daidaita.

"Shekara goma sha tara," ta ce, a hankali, amma har bayan ɗaki an ji. "Ke kike tuƙa ni. Kina zaune kina kallona ina yi wa ruwa magana."

"Zoila, 'yata…"

"Maza sun kwana uku suna nema. Da an je inda take, da ko gawarta an samu. Da ina da kabari." Ta miƙe ta dubi Injiniya. "A rubuta cewa Doña Tarcila Nazareno ta kawo hujja. A ɗage ɗaga hannu sai an je an duba."

Doña Tarcila. Kiran girmamawa irin na baƙi, a bakin yarinyar da na goya.

Aka je aka duba, aka ga tukunya. Wata biyu takardu suna kai da kawowa tsakanin lardi da ƙauyuka shida, sannan sabuwar taswira ta fito. Jan layi ya koma Mashigin Balbela, goma sha huɗu ya zama kore, da ɗan gicciye a kansa. Injiniya ta ce ruwan yankin duka zai fi tsabta da wannan tsarin, ta riƙe hannuna ta ce na ceci mashigi mafi kyau a kogin. Fada ya tumɓuke gicciyen aka kai shi bakin Rumbun Inna, jama'a suka raka shi cikin kwalekwale goma sha ɗaya. Ba a gayyace ni ba, ban je ba. Zoila ta riga ta kwashe kayanta ta koma gidan wata ƙawarta. A hanya in mun haɗu takan gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo.

Na yi sati shida ban leƙa wurin ba. A na bakwai na kasa daurewa. Da na isa sai na ga kwalekwale a ɗaure a gindin gicciyen, na gane shi, na Zoila ne. Sawunta ya yi ciki ta hagu, ita kaɗai. Ba ta san taɓon nan ba. Ba ta san inda yake ɗaukar mutum da inda yake buɗe baki ba, kuma ba wanda ya rage a duniya da ya sani sai ni.

Na zauna a baki na ce bari in jira, kada in dame ta. Ruwa ya tsaya. Na kasa kunne kamar kullum, ba abin da na ji. Sai ga kumfa ta fara shigowa ta tsakanin saiwoyi, ruwa ya juyo. Na miƙe na sa hannu a baki.

"Uuuy!"

Shiru.

Na sake, da dogon kiran. Shiru. Na sauka cikin taɓo na bi sawun, ruwa yana cinye shi a gabana ɗaya bayan ɗaya. Na kira sunanta, na kira sunan uwarta, na kira Inna. Ruwa ya kai gwiwa. Na faɗi na tashi, saiwa ta yanke mini hannu ban ji ba. Ya kai ƙugu. Na yi ta kira har abin da ke fita daga maƙogwarona ya daina zama murya. Na roƙi Allah ya ɗauke ni ya bar ta, na roƙe shi da ƙarfi kamar mai faɗa da shi.

Da na zagaya wata babbar saiwa sai ga ta. Tana zaune can sama a kan reshe, ƙafafunta ko jiƙewa ba su yi ba, tukunyar uwarta a kan cinyarta, ta yanke wayar. Taku ashirin ne tsakaninmu. Ta daɗe tana kallona.

"Na ji ki tun kiran farko," ta ce.

Na riƙe saiwa ina haki.

"Nawa kika ce? Tafasar ruwan kofi?" Ta duba agogon hannunta. "Na ba ki daidai haka. Ban ƙara miki ko minti ɗaya ba."

Ta sauko, ta bi ta kan saiwoyi ta wuce ni, har rigarta ta goge kafaɗata. Da ta yi gaba kaɗan ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ta ina ake takawa?"

Na wuce gaba na nuna mata, saiwa bayan saiwa, yadda Inna ta nuna mana. Muka fita kowacce ta hau kwalekwalenta.

Yanzu ruwan bakin ƙauyenmu ya fara washewa, yara suna wanka, konca ta dawo har bayan coci. Ina zuwa Rumbun Inna duk sati har yau. In zauna ƙarƙashin reshen da babu tukunya, ruwa ya tsaya, ƙaguwa su yi tsit, in buɗe baki a shirye. Eufemia ba ta sake kirana ba.